Lamba Biyu, Dare Ɗaya

A ƙauyen nan na kan duwatsun Narin
ni ce nas, ni ce likita, ni ce mai hura murhu.
Bermet suke kirana.

Daren da ƙanƙara ta toshe hanyar gari
tsohuwa Ajar ta banko ƙofa
da jikanta Tilek cikin bargon ulu,
ɗan shekara uku, jiki kamar garwashi,
yana tsala ihu har gilashin taga na amsawa.

"Allura," ta ce, ko gaisuwa babu.
"Irin wadda aka yi wa ubansa.
Zazzaɓi ba ya jin lallashi."

Na ce, Inna, bari mu tambayi jininsa.
Ta ce, yaushe jini ya koyi magana?

Na soki ɗan yatsa. Ɗigo guda,
bai kai ƙwayar sha'ir ba.
Na miƙa wa 'yar na'urar da ke gefen butar shayi.
Ita ba ta ganin cuta ido da ido,
sawu take bi.
In bakteriya suka yi kutse
hanta kan zubo wani furotin cikin jini,
yadda karnuka ke cika dare da haushi
in kyarkeci ya kewayo garke.
In bairus ne, galibi haushin ba ya nisa.

Ruwan shayi bai tafasa ba ta amsa.
Shida.

Duk da haka na saurari ƙirjinsa,
na leƙa kunne, na leƙa maƙogwaro,
na lanƙwasa wuya, ya lanƙwasu.
Na ce mura ce mai zafin kai.
Ruwa, farasitamol, ki dawo da shi gobe.
Ta yi mini kallon mai tauye mudu,
ta fita ta bar ƙofa a buɗe.
Sanyi ya shigo ya zauna a kujerarta.

Can dare ya raba
sai ga Ulan makiyayi, yana ƙwanƙwasawa a hankali
kamar wanda ya zo cin bashi.
'Yarsa Aiperi, wata goma sha ɗaya.
"Ɗan ɗumi ne kawai," in ji shi,
"ko kuka ba ta yi."

Rashin kukan ne ya tsaya mini a wuya.
Tun la'asar ta ƙi nono.
Idanunta a buɗe, amma ba kowa a ciki.

Ɗigo guda.
Ɗari da arba'in da biyu.

Na murza ido na sake dubawa.
Lambar ba ta gusa ba.
Kwalbar da na hana ɗazu
ita na fasa yanzu.
A waya aka ce motar asibiti
iyakarta gindin dutse.
Ulan ya ɗaura sirdi,
ya cusa yarinyar cikin rigarsa ta fata.
Na rubuta lambar da biro a bayan hannunsa
don takarda jiƙewa za ta yi.
Na tsaya a ƙofa har fitilarsa
ta koma kamar ƙwayar sha'ir, ta ɓace.

Ban runtsa ba.
Na'ura ba ta san gaibu ba,
na sha ganin ta yi shiru a farkon ciwo.
Shidan nan na Tilek
na yi ta juya ta kamar tuwon da ya ƙi nuna.

Da hantsi Ajar ta dawo.
Yaron da ƙafarsa ya shigo, majina har leɓe,
ya nufi abin sauraren ƙirjina zai wafce.
Ba ta ba ni haƙuri ba.
Curin cuku uku ta ajiye a kan tebur,
ta nuna na'urar da haɓa:
"To, yau me jinin nasa ya ce?"

Na buɗe baki zan amsa,
amma kunnena na kan waya.
Har yanzu ba ta yi ƙara ba.